Dabarun Kula da Masu Ciwon Damuwa a Asibitocin Katsina

A kusan kowane asibiti na jihar Katsina, daga manyan asibitocin cikin birni zuwa ƙananan ɗakunan shan magani na karkara, akwai irin majinyacin da ma'aikatan lafiya suka san fuskarsa fiye da yadda suka san ciwonsa. Yakan zo da ƙorafin ciwon kai da ba ya jin magani, ko zafi a tsakar ka, ko faɗuwar gaba, ko wani abu da ke yi masa yawo a jiki, ko rashin barci da kasala. A yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, a ba shi magani, wani lokaci har da ƙarin ruwa, bayan mako biyu ko uku ya dawo da kukan da ya tafi da shi. Da yawa daga cikin waɗannan bayin Allah ciwon damuwa ne ko fargaba ke cin su, amma da yake ba mu saba zuwa asibiti mu ce zuciya ta ƙuntata ba, sai ciwon ya fito ta jiki.

Duk wanda ya ce a tura su gaba ɗaya wurin likitan ƙwaƙwalwa bai duba halin da ake ciki ba. Likitocin wannan fanni a Najeriya ba su kai 300 ba, a ƙasar da jama'arta suka haura miliyan 200, kuma mafi yawansu suna manyan birane. Asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya irin na Barnawa a Kaduna da na Kware a Sakkwato tafiya ce mai nisa da tsada ga mutumin Mai'aduwa ko Batsari. Saboda irin wannan gibi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP a 2008, ta kuma fitar da littafin jagoransa a 2010, domin likitan da ba wannan ne fanninsa ba, da nas, da ungozoma, da malamin asibiti na matakin farko su iya gane waɗannan cututtuka su kuma kula da su. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma tabbatar wa majinyaci haƙƙinsa na mutunci da na a nemi yardarsa. Sai dai abin da zai amfani majinyaci a ranar da ya zo shi ne abin da ya gudana tsakaninsa da wanda ke zaune a bayan tebur.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake. Tattaunawa da majinyaci aikin asibiti ne mai ƙa'ida, tana da mafari, tana da tsari, tana da adadin zama da ranar dawowa, kuma ana koyon ta kamar yadda ake koyon ɗinkin rauni. Yawancin ma'aikatanmu suna da tausayi kuma sun iya magana, abin da ya rage musu shi ne su bambanta wannan aiki da nasihar da kowane dattijo zai iya yi a zaure.

Wurin farawa shi ne jikin da majinyaci ya kawo ƙararsa. Dole ne a duba shi da gaske, domin ƙarancin jini da hawan jini da ciwon suga da matsalar maƙoƙo duk suna iya kawo kasala da bugun zuciya. Idan gwaji ya fito lafiya, kalmar da ta fi kowace yin ɓarna ita ce a ce wa mutum babu abin da ke damunsa, domin ya san yana jin ciwo, kuma daga nan kemis zai nufa ko wani asibitin a sake gwajin daga farko. A ɗauki misalin dattijuwar da ta sha zuwa da ciwon kai. Malamin asibiti ya ajiye biro, ya dube ta, ya ce: "Inna, gwaji ya nuna jininki lafiya, babu taifot. Amma ciwon kan nan na gaske ne, na yarda da ke. Tun yaushe ya fara?" Ta ce: "Tun bayan babbar salla, ɗana." Ya ce: "Me ya faru a gida a wannan lokacin?" A nan sai ta yi shiru, ta kama gefen mayafinta tana murzawa. Abin da ake buƙata daga ma'aikaci a wannan gaɓa shi ne ya jure wannan shirun, kada ya cike shi da wata tambaya ko da rubuta magani, domin sau da yawa bayan shirun ne za ta faɗi cewa an saki 'yarta da ƙananan yara an dawo mata da su, ko kuma an ɗauke ɗanta a hanyar gona.

Irin wannan magana ba ta fitowa a gaban jama'a. Mace takan zo da rakiyar miji ko uwar miji ko kishiya, mai rakiyar ne ke amsa tambayoyi, ita kuwa kanta a sunkuye saboda kunya. Hikima ita ce a saurari mai rakiya cikin girmamawa, a gode masa, sannan a ce: "Alhaji, a ɗan ba mu wuri zan duba ta," a kuma samu ma'aikaciya mace ta zauna idan mai dubawar namiji ne. Sannan a faɗa wa majinyaciya a sarari cewa abin da ta faɗa amana ne, ba zai fita daga ɗakin ba sai idan akwai haɗari ga ranta ko ran wani. A garuruwan da malamin asibiti ya san dangin kowa, kuma yana sallar Juma'a tare da mijin majinyaciya, riƙon wannan amana shi ne jarin aikin gaba ɗaya, kuma idan ya zube sau ɗaya unguwa duka za ta ji. Masanin halayyar ɗan'adam na Amurka Carl Rogers ya bayyana tun a shekarun 1950 cewa sauyi yana samuwa ne idan majinyaci ya ga mai kula da shi yana fahimtarsa, ya karɓe shi ba tare da yanke masa hukunci ba, kuma ba ya yi masa fuska biyu. Binciken da ya biyo baya ya ci gaba da nuna cewa ƙarfin wannan alaƙa yana cikin abubuwan da ke hasashen samun sauƙi, kowace irin hanya aka bi.

Akwai wata al'ada tamu mai kyau da ke zama cikas idan aka gaggauta ta, wato ba da haƙuri. Da zarar mutum ya fara hawaye, bakinmu yakan riga tunaninmu cewa a yi haƙuri, a bar wa Allah, haka Ya ƙaddara. Gaskiya ce, kuma majinyaci ya fi kowa sanin ta, domin ya ji ta daga kowa a gida kafin ya iso asibiti. Idan ma'aikaci ya faɗe ta a minti na biyu, abin da majinyaci ke ji shi ne an rufe zancen. Mafi muni kuma, wasu sukan koma gida da sabon nauyi, suna ganin damuwarsu alama ce ta raunin imani. Ya kamata ma'aikaci Musulmi ya iya tuna wa irin wannan mutum cewa Alƙur'ani ya ba da labarin Annabi Yaƙub, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusuf, kuma shekarar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasa Nana Khadija da Abu Ɗalib ana kiran ta shekarar baƙin ciki. Malami Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934 Miladiyya, ya yi rubutu a kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya bambanta baƙin cikin da aka san dalilinsa da wanda ke sauka ba tare da sanadi na fili ba, ya kuma ɗauke su a matsayin abin da ake yi wa magani. Saboda haka addu'a da tawakkali suna da gurbi babba a cikin jinya, amma gurbinsu yana zuwa ne bayan an saurari mutum har ya gama.

Bayan sauraro sai aunawa. Ana tambaya ko a cikin mako biyu da suka wuce mutum ya kasance cikin ƙunci mafi yawan yini, ko ya daina jin daɗin abubuwan da ya saba so, sannan a bi da barci da cin abinci da ƙarfin jiki da tattara hankali da yawan zargin kai. Takardar tambayoyi tara da ake kira PHQ-9 a kan wannan aka gina ta, kuma amfaninta shi ne a maimaita ta bayan wasu makonni a ga ko ana samun sauƙi. Tambayar da ma'aikata suka fi gudu ita ce ta kashe kai, wasu don ganin abin ya yi nauyi a addini, wasu don tsoron kada su cusa wa mutum tunanin. Bincike ya nuna cewa tambayar ba ta cusa tunanin, kuma mutane da yawa sukan ji sanyi idan aka ba su damar faɗa. Ana iya shigar da ita a hankali: "Hajiya, wasu idan abu ya yi musu yawa haka sukan ji gara ma a ce ba sa raye. Kin taɓa jin haka?" Idan ta amsa da e, sai a tambayi ko akwai shiri, a nemi yardarta a shigo da wani amintacce daga gida, kada a bar ta ita kaɗai, a kuma kawar da maganin ƙwari irin su fiya-fiya da ƙwayoyin da aka tara daga inda hannunta zai kai. A gidajen manoma wannan mataki na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai, domin gubar tana ajiye a ɗaki, kuma lokacin tsananin yakan wuce idan abin bai zo hannu ba.

Daga cikin dabarun jinya, wadda nake ganin ta fi dacewa da asibitocinmu ita ce mayar da mutum ga harkokinsa a hankali. Ciwon damuwa yana da wani zagaye: mutum ya ji kasala ya bar abin da ya saba yi, barin abin ya raba shi da mutane da ɗan jin daɗin da yake samu, wannan kuma ya ƙara masa kasala. Matar da ke sana'ar ƙuli-ƙuli ta daina, ta bar zuwa Islamiyya, ba ta zuwa suna ko barka, tana kwance a ɗaki tana jiran ranar da za ta ji ƙarfi ta tashi. Aikin ma'aikaci shi ne ya fahimtar da ita cewa ƙarfin yana biyo bayan motsi ne, ba ya riga shi zuwa. Sai su zauna tare su zaɓi abu guda ƙarami wanda ita ce ta ambace shi, su sa masa rana da lokaci, misali ta shiga gidan maƙwabciya bayan la'asar ranar Talata ta zauna na ɗan lokaci, ko ta soya gyaɗa kwano ɗaya maimakon tiya biyar da ta saba. Kamar hura wuta ne, da ƙirare ake farawa kafin a ɗora gungume. Idan ta dawo ba ta yi ba, ba faɗa za a yi mata ba, tambaya za a yi a ga abin da ya hana, a rage girman aikin. Dabarar ba ta buƙatar karatu ko rubutu daga majinyaci, kuma iyali suna iya taimakawa idan aka nuna musu cewa kwanciyar tata ciwo ne, ba lalaci ko taurin kai ba.

Wani zai ce, kuma da gaskiyarsa, yawancin damuwar mutanenmu daga talauci take, kuma magana ba ta biyan bashi. Ma'aikacin lafiya ba zai sauko da farashin masara ba, amma zai iya taimaka wa wanda matsaloli suka rufe shi ya ware su ɗaya bayan ɗaya, ya bambanta wadda ke hannunsa da wadda ba ta hannunsa, ya zaɓi guda, ya kawo hanyoyin da zai iya bi, ya gwada ɗaya kafin zama na gaba. Da wannan hanya likita Dixon Chibanda ya gina shirin bencin abota a birnin Harare na Zimbabuwe, inda dattawan mata da aka horar suke zama da majinyata har sau shida a kan benci a harabar asibiti, kuma sakamakon gwajin da aka wallafa a 2016 ya nuna sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka ba kulawar da aka saba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana da tsarin zama biyar, sau ɗaya a mako, wanda aka gwada a Fakistan da Kenya, ya haɗa warware matsala da numfashi a hankali da komawa ga harkoki da ƙarfafa zumunci. Sharaɗin a nan shi ne mafita ta fito daga bakin majinyaci, domin shawarar da ma'aikaci ya yanke masa yawanci a ƙofar asibiti take tsayawa.

Gyaran tunani, wanda likita Aaron Beck ya assasa a Amurka a shekarun 1960, ya fi buƙatar horo, amma asalinsa mai sauƙin fahimta ne: ciwon damuwa yana sa mutum ya riƙe mummunan zato game da kansa kamar tabbas. Mai jego takan ce ita ba uwar kirki ba ce tunda jaririnta yana yawan kuka. Maimakon a ce mata ba haka ba ne, sai a tambaye ta abin da ta yi wa jaririn tun safe, da abin da za ta ce wa ƙanwarta idan ita ce ta faɗi haka. A karkarar Rawalpindi ta Fakistan an horar da ma'aikatan lafiya mata na ƙauye su yi wannan aiki da masu ciki da masu jego, kuma a sakamakon da aka wallafa a 2008, bayan wata shida da haihuwa kashi 23 cikin 100 ne suka rage da ciwon, alhali a rukunin matan da ba a yi wannan aiki da su ba kashi 53 ne. Ungozomominmu da ke awon ciki da rigakafin yara suna ganin waɗannan mata a kai a kai, don haka su ne suka fi cancantar wannan horo.

Babu yadda za a yi wannan bayani a Katsina a tsallake abin da 'yan bindiga suka jawo. Mutanen Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Faskari da Sabuwa sun ga abin da ido bai kamata ya gani ba, kuma a Disambar 2020 an kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. Wanda ya dawo daga daji ko ya tsere daga ƙauyensa yakan zo da mugun mafarki, da zabura idan ya ji ƙarar babur, da gudun duk abin da zai tuna masa. A kwanakin farko ba a tilasta wa mutum ya ba da labari dalla-dalla, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi hani da irin zaman nan guda ɗaya da ake sa mutum ya amayar da komai, domin ba ya hana ciwon. Abin da ake yi shi ne a duba buƙatarsa ta gaggawa, a saurare shi gwargwadon abin da ya so faɗa, a haɗa shi da danginsa da abinci da makwanci, a kuma sanar da shi cewa wannan firgici martani ne da jiki ya saba yi, ba hauka ba ne. A koya masa jan numfashi a hankali ta hanci da sakinsa a hankali, a yi tare da shi a ɗakin har ya iya. Mutane da yawa suna farfaɗowa da wannan, amma wanda alamunsa suka wuce wata guda suna hana shi rayuwa yana buƙatar ƙwararre. Matan da aka ci zarafinsu a hannun 'yan bindiga suna da ƙarin buƙata ta gaggawa, domin maganin kariya daga cutar ƙanjamau a cikin sa'o'i 72 ake fara shi, kuma tsegumin gari yakan yi musu ciwo kusan daidai da abin da ya same su, shi ya sa sirrinsu ya fi na kowa buƙatar tsaro.

Ga matasa masu shaye-shaye, wa'azi da tsoratarwa sun daɗe ana gwada su. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 ne suka yi amfani da miyagun ƙwayoyi a Najeriya a cikin shekara guda, kuma a shekarar ce gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Hanyar da masanin halayyar ɗan'adam William Miller ya fara bayyanawa a 1983 ta ginu ne a kan cewa mai shan yana da zuciya biyu, kuma idan aka matsa masa sai ya kare shan. Sai a tambayi lebura mai shan tiramadol: "Ƙanena, me take yi maka da kake so?" Ya ce tana ba shi ƙarfin aiki. Sannan a tambaye shi abin da take karɓa daga gare shi, a bar shi da bakinsa ya ambaci kuɗin da ke tafiya da fushin mahaifiyarsa da faɗuwar da ya taɓa yi. Dalilin da mutum ya furta da kansa ya fi zama a zuciyarsa.

Magani yana da wurinsa idan ciwon ya yi tsanani. Magungunan ciwon damuwa irin su amitiriftilin da fuloksetin sukan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsu, kuma ana ci gaba da sha wata 9 zuwa 12 bayan an ji sauƙi, abin da dole a faɗa wa majinyaci tun ranar farko. Amitiriftilin yana da haɗari idan aka sha da yawa, don haka ba a ba mai tunanin kashe kansa shi da yawa a hannu. Dayazefam kuwa, da ake yawan bayarwa don barci, ba ya warkar da ciwon damuwa, kuma jiki yana saurin sabawa da shi.

Kusan duk majinyacin da ya zo ya riga ya biya ta wurin malami, an yi masa ruƙiyya ko tofi ko rubutu, kuma zai koma. Yaƙi da wannan asarar majinyaci ce kawai. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya gane haka tun 1954 a Aro ta Abeokuta, inda ya zaunar da majinyata a ƙauyuka tare da danginsu ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya, kuma gwajin da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda aka wallafa a 2020, ya nuna cewa masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi idan ma'aikatan lafiya suka haɗa hannu da masu maganin gargajiya da na addini. Amma haɗin kan yana da iyaka, wato babu duka, babu ɗaure mutum da mari, babu hana abinci, babu cewa a ajiye maganin asibiti. Abin da aka gani a Daura a watan Oktoban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutane daga wani gidan mari, ya isa ya nuna inda rashin wannan iyaka ke kaiwa. Wanda ke jin muryoyi, ko ya kwana da kwanaki ba barci yana surutu da ɓarnar dukiya, ko mai jegon da hankalinta ya juya a makonnin farko, ko wanda ya riga ya yi yunƙurin kashe kansa, duk waɗannan a tura su babban asibiti ba tare da jinkiri ba, da takarda a hannu da ɗan rakiya.

Na san ma'aikacin da layi ke jiransa har bakin ƙofa zai tambayi inda zai samu lokacin duk wannan. Ba a gama shi a zama ɗaya, kuma ba a so a gama. Minti goma na farko sun isa a saurara, a auna haɗari, a ba da bayani, a sa ranar dawowa a lokacin da asibiti ya fi sauƙin cunkoso. Shi kansa ma'aikacin yana buƙatar wanda zai riƙa kai wa lamuran da suka shige masa duhu, ko da ta waya ne sau ɗaya a wata, domin horon kwana biyar ba tare da bibiya ba yakan dushe, kuma wanda ke sauraron labarin kisa da garkuwa kullum, alhali wataƙila ƙauyensu ne, shi ma abin yana taɓa shi. A rubuta a katin majinyaci abin da aka yi yarjejeniya a kai, domin duk wanda ya karɓe shi a zama na gaba ya fara da tambayar yadda aikin ya kasance. A kuma karɓi lambar waya da izininsa, saboda mai ciwon damuwa yakan fasa dawowa daidai lokacin da ciwon ya fi danne shi, kuma wanda bai zo ranar da aka sa masa ba shi ne ya kamata a fara kira kafin a tashi daga aiki.